An Yi Wani Dillali Dogo

Alhaji Maharazu dillalin shanu ne a karar Mai'adua, kasuwar dabbobi, kuma tun da aka haifa masa ɗansa na fari bai taɓa kiran sunansa ba. Ba faɗa suka yi ba, haka aka gada. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a yi masa magana kai tsaye. In abu ya kama, sai ka gaya wa wani ya gaya masa, ko da kuwa tabarma ɗaya kuke zaune. Mutanen yanzu sun sassauta, amma Maharazu ba mutumin yanzu ba ne. Sunan yaron Ikrima, kowa ya sani, har uban ma ya sani tunda shi ya sayi ragon suna. Da yana ƙarami "yaron Mashi" yake ce masa, don a can kakarsa ta raine shi. Da ya girma ya tafi jami'a a Zariya har ya zama malami a can, sai ya koma "na Zariya". Uwar yaron kuwa tata kunyar ta fi ta uban. In ta ji ƙarar motarsa a ƙofar gida, madafa take faɗawa, sai dai a ga tuwo ya fito da nama fiye da na kullum.

Mai kai saƙo tsakanin uba da ɗa shi ne Dabo, ƙanen Maharazu. Dabo mutumin kirki ne, ba ya zalunci, ba ya rowa. Aibinsa ɗaya, cikinsa ba ya ajiye magana. In ka gaya masa abu da hantsi a Mai'adua, kafin azahar za ka ji ya dawo maka daga Daura ya yi ƙiba.

To, a shekarar da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyuka, lokacin Shari'a tana sabuwa kowa yana tauna magana kafin ya furta, sai yanar ido ta fara rufe wa Maharazu gani. Da farko kamar hayaƙin ɗanyen itace a gefen ido. Ya ce gajiya ce. Ya sa tozali, ya sa zuma, hayaƙin bai san an yi ba. Kafin damina ta fita, mutum in ya tsaya a gabansa sai dai ya ga tsawo da launin riga.

Dillali kuwa da ido yake ci. Bafulatani zai tako daga bayan iyaka ya danƙa maka sa, falke zai zo daga Kudu ya ce ka zaɓa masa, duka biyun idonka suka aro. Ranar da aka ce idon ya tafi, ko kai waliyyi ne za a yi maka addu'a a wuce rumfa ta gaba. Saboda haka Maharazu ya ɓoye. Ya koma shafa dabba tun daga tozo har kofato, ya buɗe baki ya lalubi haƙora, ya shinshina numfashi. Mutane suka ce Alhaji ya ƙara ƙwarewa, yanzu ko idonsa ba ya yarda da shi. Gaisuwa kuma ya mayar da ita guda ɗaya: duk wanda ya tunkaro, "Alhaji, barka da zuwa," har sai ya ji murya. Ta haka yara da yawa suka zama alhazai ba su je ko Katsina ba.

Wani Buzu mai kawo masa shanu ya taɓa ba shi labarin cewa a Kano akwai asibitin da ake cire yanar nan, mutum ya koma yana zura zare a allura. Maharazu ya ji, ya ce Allah mai iko, ya sauya zance. Amma ya riƙe. Matsalar ita ce zuwa. A tasha babu direban da bai san shi ba. Makaho kuma ba ya shiga Kano shi kaɗai. Sauran 'ya'yansa mata ne, kowace tana ɗakinta, in ka gaya wa 'ya ka gaya wa suruki, in ka gaya wa suruki gara ka hau hasumiya ka yi shela. Mutum ɗaya ne yake da mota tasa ta kansa, ya san Kano, kuma bakinsa yana da murfi. Shi ne na Zariya. Hanyar zuwa wurin na Zariya kuma ta kan Dabo ta bi.

Ana cikin haka jami'a ta ba da hutu, Ikrima ya zo gida da motarsa da wata 'yar rikoda mai cin kaset. Bayan la'asar suka zauna a zaure su uku kamar yadda suka saba: Dabo da Ikrima suna hira, Maharazu ya juya musu kafaɗa yana jan carbi, wai shi ba ya ji.

"Wai kai har yanzu karatun nan bai ƙare ba?" in ji Dabo. "Sa'o'inka sun fara aurar da 'ya'ya."

"Saura kaɗan, Baffa. Rubutu nake yi."

"A kan me?"

"A kan yadda Bature yake yin magana kamar abu ya wuce, alhali bai wuce ba."

"Ƙarya ke nan. Wannan ai ba sai an je Zariya ba, a kara ma ana koyarwa kyauta."

Ikrima ya yi dariya. "Ba ƙarya ba ce. Ka ga, in Bature zai roƙe ka abu mai nauyi, ba ya cewa ina so ka taimake ni. Sai ya ce, ai da na so in tambaye ka wani abu. Kamar son ya riga ya wuce tun jiya. Alhali ga shi tsaye a gabanka, son yana cinsa."

"To don me zai wahalar da kansa?"

"Don ya ja da baya. Hankalin ɗan Adam yana ɗaukar lokaci kamar hanya ne, abin da ya wuce yana can nesa. In mutum yana jin nauyinka, sai ya ɗauki buƙatarsa ya kai ta can nesa ya ajiye, ya bar maka fili. Ka ga dama ka je ka ɗauko, ka ga dama ka yi kamar ba ka gani ba. Ba wanda ya ji kunya, tunda ai maganar jiya ce."

"Ikon Allah. Ashe Bature ma yana da kunya."

"Ta baki dai yana da ita."

"Mu kuma mu ce maka mun tafi, muna zaune da ƙwaryar fura a hannu."

"Wannan ma yana cikin rubutun, Baffa."

"Au, har da ni a ciki? To ka rubuta sunana da kyau."

Daga nan Ikrima ya ce abin da ya kawo shi da rikoda shi ne yana son maganar dattawa, hirar kasuwa da labaran da, ya ji yadda namu suke ajiye magana nesa, ya gwada da na Turawa. Ya ce ko Baffa zai tambayi Baba in yana da wani labari na kara.

Dabo ya juya. "Yaya, wai ko kana da labari."

"Ka ce masa ni ba maroƙi ba ne," in ji Maharazu.

Amma carbin ya tsaya a hannunsa. Ya kwana da maganar, ya tashi da ita. Shi a rayuwarsa bai taɓa jin abin da ya fito daga makarantar boko mai amfani irin wannan ba. A kai buƙata nesa a ajiye. Wanda aka yi domin shi, tunda sana'arsa ke nan, zai gane. Dabo kuwa zai ɗauka labari ne.

Washegari bayan la'asar ya yi gyaran murya ya ce wa bango, "In abin nan na ɗaukar magana yana kusa, na tuna wani abu."

Ikrima ya danna rikoda, ya tura ta kan tabarma.

"A zamanin da," in ji Maharazu, "tun ba a ja kwalta zuwa bakin iyaka ba, an yi wani dillali."

Nan ya tsaya ya yi tunani. Shi gajere ne, mai jiki, baƙi, mai sanyin magana. In ya ce dillalin gajere ne, ko Dabo zai gane. Don haka ya juya komai.

"Dogo ne, siriri kamar kara, fari, yana da wushirya. Ga faɗa. In yana ciniki har a mahauta ana jin muryarsa."

Ya ci gaba. Ya ce dillalin nan Allah ya ba shi ido, in ya kalli saniya daga nesa zai gaya maka cikinta na nawa. Sai yanar ido ta shigo masa. Ya ɓoye, don ya san kara ba ta da tausayi. Ya ji labarin ana cirewa a Kano, amma babu mai kai shi. Yana da ɗa namiji, ɗan yana da abin hawa, yana zaune a wani gari, sai dai akwai abin da ya hana uban buɗe baki ya ce masa zo ka kai ni. Haka ya zauna, duniya tana dushewa, yana jira ko yaron zai lura.

"Sai me ya faru?" in ji Dabo.

"Nan na san labarin ya tsaya."

Kaset yana ta juyawa. Maharazu ya kasa kunne ɓangaren da na Zariya yake. Bai ji komai ba. Dabo ne ya buga cinya.

"Yaya! Wannan ai ba zamanin da ba ne. Wannan Mati ne!"

Mati dillali ne shi ma, rumfarsa tana kallon ta Maharazu. Tare aka yi musu kaciya, tare suka fara jan akala, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yarda a kan farashin ko akuya ba. Dogo ne, siriri, fari, mai wushirya, mai faɗa. Yana da ɗa direban tifa a Abuja wanda sai Sallah ake ganinsa. Maharazu ya tashi neman mutumin da ba shi ba, sai hankalinsa ya miƙa masa wanda ya yi shekara da shekaru yana zama kishiyarsa, bai ma lura ba.

"Ni ban ce Mati ba," in ji shi.

"Ai ba sai ka ce ba. Allah sarki Mati. Shi ya sa ranar nan ya taka mini ƙafa."

"Dabo, na ce labarin da ne."

"Na ji, Yaya. Ni ma ba zan gaya wa kowa ba."

Ikrima ya kashe rikoda.

Ranar Lahadi kasuwa ta ci. Tun hantsi Maharazu ya ga abin da bai taɓa gani ba, in dai za a kira nasa gani. Fulanin da suka yi shekaru suna sauka wurin Mati suka jawo shanunsu zuwa rumfarsa. Falake biyu daga Kudu suka ce an ce musu shi ne mai idon kara yanzu. Ya shafa, ya shinshina, ya yi ciniki har muryarsa ta dushe. Daga can tsallake kuma yana jiyo Mati.

"Yatsa nawa? Ni za ka nuna wa yatsa? Uwarka ce ba ta gani! Uku ne, kuma na tsakiyan yana da datti!"

Wani ya ce ai makaho da ƙiyasi yake aiki. Mati ya nuna wata babbar mota da ke can bakin hanya, ya karanto lambarta tiryan-tiryan. Aka ce haddacewa ya yi tun da safe. Wata tsohuwa mai fura ta kama hannunsa za ta tsallakar da shi kwata, ya fizge har ya kusa faɗawa ciki, aka ce ka gani ko.

Maharazu ya koma gida aljihu da nauyi, zuciya ta fi aljihun. Ga shi ya zubar wa mutum abinci da bakinsa, ga nasa idon yana nan yadda yake, ga na Zariya hutunsa yana ƙarewa. Kuma shanun da aka danƙa masa yau, wata rana zai shafa ya yi kuskure, a gane.

Bai gama cire hula ba Mati ya yi sallama, irin sallamar da ba a jiran amsarta. Ya tarar da su ukun a zaure.

"Guntu," ya ce wa Maharazu, don haka yake kiransa tun suna yara, "an ce daga zauren nan aka makantar da ni."

"Zauna, Mati."

"Ba zama na zo yi ba. Wannan mai bakin kamar ƙofar gari," ya nuna Dabo, "gobe kotu zan kai shi. Shari'a ta zo, an daina ɓata wa mutane suna a kwana lafiya. Bulala tamanin."

"Tamanin ta ƙazafin zina ce, Mati," in ji Dabo. "Na tambaya. Ido ba shi da adadi."

"Au, har ka tambaya?"

"Tun jiya. Ni da tausayi na faɗa. Cewa na yi a riƙa kama maka hannu."

"Allah ya kama naka hannun a kasuwa!"

Suka hau musu, Mati yana rantsuwa, Dabo yana ba shi haƙuri irin wanda yake ƙara wa wuta mai. Maharazu ya buɗe baki zai ce wani abu, ya tuna Dabo yana zaune, ya rufe. Sai Ikrima ya yi magana, a hankali, kansa a ƙasa.

"Baba Mati, in an je kotu ma alƙali likita zai tura ku. Ni jibi zan bi ta Kano. In ka yarda in kai ka asibitin ido, a duba, ka dawo da maganar likita. Wanda ya ƙara cewa ba ka gani, da likita yake."

Mati ya auna abin. "A motarka?"

"A motata."

"Akwai sanyin nan a ciki?"

"Akwai." Ikrima ya juya ga Dabo. "Baffa, ka gaya wa Baba, tunda a zaurensa maganar ta tashi, ya kamata a ce da shi aka je, ya zama shaida. In ya dawo ya faɗa a kara, za a fi yarda."

"Yaya, wai ka je shaida. Ni ma sai in shirya."

"In wannan ya shiga motar," in ji Mati, "ni ta taga zan fita."

"Ka ce masa na ji," in ji Maharazu.

Haka aka tafi Kano su uku. Mati ya zauna gaba, tun daga Daura har Kazaure yana karanta duk allon da aka kafa a bakin hanya da ƙarfi, har da na masu sayar da taki. Maharazu yana baya, ya riƙe sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana ta juya abu ɗaya. Yaron nan ya gane ne, ko kuwa tausayin Mati ne kawai? In ya gane, me ya sa bai nuna ba? In bai gane ba, to karatun me yake yi a Zariya?

A asibiti suka tarar da layi, aka zauna a benci har rana ta take. Da aka kira Mati suka shiga tare. Likitar mace ce, mai ƙaramar murya, Hausarta ta asibiti. Ta zaunar da shi, ta rufe masa ido ɗaya, ta nuna masa wani allo mai zane kamar cokali mai yatsu, wani ya kalli gabas, wani ya kalli sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Mati ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, sannan ya gaya mata akwai tsaga a bangon bayan allon, ya kamata a kira magini. Ta haska masa fitila, ta leƙa, ta ce, "Baba, me ya kawo ka?"

"Maƙiya," in ji Mati.

"Idonka ya fi nawa."

"Ki ƙara faɗa, shaida yana baya. Guntu, ka ji ko?"

"Na ji."

Suka fito. Mati yana gaba yana taku kamar ango, Ikrima yana biye da makullin mota yana kaɗawa a hannu. Maharazu yana bin ƙarar makullin. Ya ji iskar waje ta bugi fuskarsa, ya san ƙofa ce, daga ita sai mota, daga mota sai Mai'adua. Ya kai buƙatarsa nesa ya ajiye kamar yadda Bature yake yi, ga shi an zo an wuce ta ba a ɗauka ba. Ya tsaya cak a bakin ƙofar, mutane suna ratsa shi.

"Mati."

"Mene ne? Ka taho mana, yunwa nake ji."

"Zo."

Mati ya dawo. Ƙarar makullin ma ta tsaya.

"Ka gaya wa na Zariya," in ji Maharazu, "dillalin nan na cikin labari, na yi kuskure. Gajere ne."

Mati ya dube shi. Maharazu ya ji inuwarsa ta matso, ya ji iskar hannu tana wucewa a gaban fuskarsa, sau ɗaya, sau biyu.

"Yatsa nawa?" in ji Mati.

"Kada ka fara."

"La ilaha illallahu. Guntu! Shi ya sa ranar Juma'a ka ce mini Alhaji barka da zuwa. Na ce yau kuma wace rana, Guntu ya san girmana." Ya ja numfashi. "Wato kai ne makahon, ni aka kama wa hannu. Kai ne makahon, kai aka kai wa shanuna."

"Haka ne."

"Kuma ka shafa su ka sayar."

"Da daraja na sayar."

"Ban tambaye ka ba!" Mati ya yi tsaki mai tsawo. Sannan ya ɗaga murya, duk da Ikrima yana tsaye kusa da su. "Kai, Ikrima, ka ji abin da ubanka ya ce. Wai gajere ne."

"To, Baba Mati," in ji Ikrima. "Bari in koma in karɓi kati."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Mati ya ga fuskarsa a lokacin, amma Maharazu bai gani ba, kuma ba abin tambaya ba ne, don haka bai san ko yaron ya sani tun a zaure ba.

Suka koma benci. Mati ya zauna kusa da shi yana huci.

"Zan faɗa a kara," in ji shi.

"Ka bari a yi aikin tukuna."

"A'a, na fasa. Ba ni zan faɗa ba, ni an ce makaho ne, wa zai yarda da ni? Kai za ka faɗa. Ka tsaya a gaban rumfata ranar Lahadi, ka faɗa da bakinka. Kuma ba an yi wani dillali ba. Ka ce ni Maharazu."

Maharazu ya daɗe yana murza kan sandarsa. "In idon ya buɗe, zan faɗa."

"In bai buɗe ba fa?"

"In bai buɗe ba ai ba sai na faɗa ba."

Likita ta duba Maharazu, ta ce yanar ido ce, ta nuna sosai, za a fara da idon dama. Ba a ranar aka yi ba. Suka sauka gidan wani abokin Ikrima a cikin birni. Mati ya ce ba zai koma ba sai ya ga ƙarshen abin, kuma matar gidan ta iya miyar taushe. Kwanakin nan duk shi ne ɗan aike. "Mati, ka ce masa a rage fankar nan." "Baba Mati, ka ce masa likita ta hana goro." Mati ya ce shi tun da yake dillanci bai taɓa shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa marasa la'ada irin waɗannan ba.

Aka yi aiki, aka naɗe idon. Da safen da za a kwance, Mati ya ce shi zai leƙa kasuwa ya sayo hula, don ba zai koma Mai'adua da hular da aka yi masa makanta a cikinta ba. Saboda haka daga likita sai uba da ɗa a ɗakin.

Ta warware bandejin a hankali, ta goge, ta ce ya buɗe. Haske ya soke shi har ya ƙanƙame kujera. Sannan abubuwa suka fara komawa mazauninsu: farin bango, bakin taga, tsagar da Mati ya ce a kira wa magini.

"Baba, kalli nan," in ji likita. "Kalli mutumin nan da ke gabanka, ka gaya mini abin da ka gani."

Umarnin likita ne, ba yadda zai yi. Ya kalla. Wani mutum ne zaune a kan kujerar ƙarfe, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi, ya sunkuyar da kai. Gajere, mai jiki. Yana da hancin mahaifin Maharazu, da kunnuwansa. A gemunsa akwai furfura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Maharazu ya yi ta kallo, ya wuce abin da likita ta nema.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ka gane shi?"

"Na gane shi."

"Wane ne?"

Maharazu ya mayar da idonsa kan tsagar bango.

"Na Zariya ne."

Likita ta juya ga Ikrima, biro a hannu. "Daidai ne?"

"Daidai ne, likita."

Ta rubuta, ta ba su maganin ɗigawa, ta ce kada ya sunkuya, kada ƙura ta shiga, kada ya je cikin taro sai idon ya warke. Maharazu ya tambaye ta ko tsayuwa a gaban rumfar wani, a faɗi magana ɗaya a koma gida, yana cikin taro. Ta ce in dai da tabarau ne, kuma ba a daɗe ba, babu laifi.

"Madalla," in ji shi, ba da farin ciki ba. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. Ya dubi ƙofa, babu Mati. Ya dubi likita, ta riga ta kira na gaba. Ya ɗan tsaya.

"A ce wa mai mota," ya ce wa ƙofar, "a biya a sayi tabarau. Baƙi. Kuma a yi sammako ranar Asabar."

"An ji," in ji Ikrima, ya riga shi zuwa ya buɗe ƙofar.